Daga Zariya aka ɗebo wutar, mu me muka yi da tamu?



Kwanan baya wasunmu suka kai ziyara gidan adana zane-zane na Yemisi Shyllon da ke Jami'ar Pan-Atlantic a Ibeju-Lekki, wanda aka buɗe a 2019. Mun shiga a matsayin baƙi 'yan kallo, sai ga sunan Zariya ya tare mu a tarihin manyan masu zanen da aka rataye ayyukansu.

A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Sun ƙi yarda su tsaya ga kwaikwayon Turawa. Suka ce za su karɓi dabarar zamani, amma kowa ya koma gida ya ɗebo gadonsa. Okeke ya ɗauko uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma kan tatsuniyoyin Urhobo. Yau duk mai nazarin zanen zamani a Najeriya sai ya bi ta kansu.

To, mu fa? Muna da zanen bangon soraye na Kano da Zariya, da aikin Babban Gwani a masallacin Juma'a na Zariya, da aska takwas a babbar riga, da zayyanar allo, da baban Ƙofar Mata. Sai ga shi muna rushe soro mu ɗora bulo, yaranmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba kuwa ba su san dagi ba sai a jikin hula.

Wasu za su ce addini ya hana zanen mai rai. Wannan magana ce ta malamai, kuma muna girmama ta. Amma galibin abin da muka lissafa a sama babu surar mutum ko dabba a ciki.

Shawararmu ita ce, iyaye da makarantun Islamiyya su riƙa kai yara irin waɗannan wurare lokacin hutu. Yaron da aka ga hannunsa na da kyau a daina ce masa yana ɓata takarda, a saya masa fenti, a nuna masa aikin kakanninsa. In ba mu zana namu ba, wani zai zana ya sa sunansa.

Allah Ya sa mu dace.