Makwancin Agola Mai Larura

Idan aka tashi ɗaura auren bazawara a ƙasarmu, waliyyai sukan zauna su tsayar da sadaki, su yi maganar lefe da ɗakin da za a kai ta, har su yanke ranar tarewa, amma da wuya ka ji ɗayansu ya tambayi inda yaron da za ta taho da shi zai sa haƙarƙarinsa, alhali kuwa a wurin waɗansu yara wannan mas'ala ta fi sadakin da lefen nauyi. Yaran da nake nufi su ne masu larurar da likitoci ke kira otizim, wadda ake ce wa galahanga a kafofin labarai, jama'a kuma, saboda ƙarancin sani, suke ɗora wa aljanu.

Na san wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa namiji mai shekara tara, wanda maganarsa ba ta wuce kalmomi kaɗan ba, bai kuma taɓa barci ba face a gefenta. Da ta tare a gidan wani mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, a daren farko aka kama hannun yaron aka kai shi shagon samari, bisa al'adar da kowa ya tashi ya tarar. Bai runtsa ba, bai bar kowa ya runtsa ba, yana ihu yana buga kansa da bango har aka kira assalatu. Kafin mako ya zagayo an riga an yanke hukunci cewa uwarsa ce ta sangarta shi.

Haƙiƙa babu sangarci a nan. Tun a 1943, lokacin da likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana halayen yara 11 masu wannan larura, ya lura da tsananin buƙatarsu ga komai ya zauna yadda suka saba ganinsa, ta yadda sauyin da wani yaro ba zai ko kula da shi ba su yakan zame musu firgici. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin 100 yana da ita, kuma sananne ne a wurin likitoci cewa fiye da rabinsu barci yana yi musu wuya ko da a ɗakin da aka haife su. To, ina ga wanda aka sauya wa gida da shimfiɗa da warin ɗaki da muryoyin mutane a dare guda?

Akwai kuma abin da ya keɓanta da gidajenmu, wato rabon kwana. Inda ake kwana bibbiyu, uwar tana tare da shi dare biyu, sa'an nan ta tafi turaka dare biyu, ko kuwa, in gidan babu turaka, maigida ya shigo ɗakinta a fitar da yaron. Ke nan abin da shari'a ta tsara don adalci tsakanin matan, idan ba a yi masa tanadi ba, sai ya wayi gari azaba ce ga wanda bai san lissafin girki ba, iyakar abin da ya sani jiya ya kwana nan, yau an ce ba nan ba.

Ba ina cewa a bar shi a gadon uwarsa har ya balaga ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi umarni da raba makwancin yara idan sun kai shekara goma, aya ta 58 ta Suratun Nur kuma ta kiyaye wa ma'aurata lokutan keɓewarsu. Bugu da ƙari, agola da 'ya'yan mijin uwarsa ba muharramai ba ne matuƙar nono bai haɗa su ba, saboda haka haɗa shi shimfiɗa da 'yan matan gidan, da sunan ai ba shi da wayo, kuskure ne da ke iya cutar da shi da su baki ɗaya. Sai dai malamai da dama sun fassara rabuwar da raba shimfiɗa, ba lalle sai an raba ɗaki ba, kuma babu inda aka ce a yi ta a dare ɗaya. Ana iya ba shi kusurwa tabbatacciya wadda ba ta sauyawa da sauyin girki, da tabarmarsa da bargonsa na tsohon gida, a saya labule, a rage haske da ƙarar rediyo, uwar ta riƙa janye shimfiɗarta taki-taki cikin makonni. A ɗaga sakatar ƙofa sama, a rufe bakin rijiya, domin waɗansunsu sukan tashi yawo cikin dare.

Na san uwargida za ta ce, "Malam, yaya ɗan wani zai sami wuri shi kaɗai, namu huɗu suna cunkushe?" Maganarta abar saurare ce, domin 'ya'yanta suna da haƙƙin barci da sammakon makaranta, kuma zalunci ne a mayar da babbar 'yarta mai gadin dare. Amma adalci a shari'a shi ne ba kowa gwargwadon buƙatarsa, kamar yadda ba a cewa uba ya yi son kai don ya saya wa mara lafiya magani bai saya wa masu lafiya ba. Wajibin maigida ne ya zaunar da ita da yaransa ya fahimtar da su, tun kafin su gano da kansu cikin ɓacin rai.

Shi ya sa nake ganin wurin wannan magana shi ne zauren neman aure. Sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi auren Ummu Salama a shekara ta 4 bayan hijira, ba ta ji nauyin ambaton 'ya'yanta cikin uzurorinta ba, shi kuma ya karɓe su, har ɗanta Umar ya tashi a hannunsa yana koya masa ladabin cin abinci. Bazawarar da ta ɓoye larurar ɗanta don gudun kada manemi ya janye, da manemin da ya ce "ai ɗa na kowa ne" bai je ya ga ɗan da idonsa ba, dukkansu sun jinkirta wahala ne zuwa daren da babu mai iya yin shawara a cikinsa.

Shi maigidan da na ba da labarinsa, bayan wata guda na rashin barci, sai ya kwashe buhunan da ke ɗan ɗakin ajiya mai manne da na amarya, ya sa aka huda ƙofa a tsakani, aka ɗauko tsohuwar tabarmar daga gidan kakar yaron. Ranar girkinta shi yake zuwa ɗakinta bayan yaron ya yi barci, ya fita kafin ya farka. Kwanan baya na ji an ce, idan yaron ya ji tarinsa a tsakar gida da asuba, yakan fito ya kama gefen rigarsa su tafi masallaci.