Haɗa Layin Intanet Biyu A Ofis Guda: Ina Ribar Take?

Ranar Alhamis 14 ga watan Maris na 2024, cikin kwanakin farko na azumi, manyan wayoyi huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, watau WACS da MainOne da ACE da SAT-3. Kafin rana ta faɗi harkar intanet ta raunana a Nijeriya da Gana da Laberiya da Binin, har bankuna suka shiga bai wa masu ajiya haƙuri saboda aika kuɗi ya faskara. Gyaran ya ci makonni, domin sai da aka jira jiragen ruwa na musamman masu ɗago waya daga ƙasan teku.

Wannan al'amari ya ƙara wa wata shawara ƙarfi, cewa kowace ma'aikata da kowace makaranta ta ɗauki layi daga kamfanoni biyu ta haɗa su. Shawarar tana da kyau, amma lalle ne mai sa hannu a takardar biya ya san abin da yake saye, don akwai masu zaton in an haɗa layi mai megabit 50 da wani mai 50, to kowane ma'aikaci zai ga gudun 100 a teburinsa. Galibi ba haka ba ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi na'ura mai ƙofa biyu wadda ke raba aiki tsakanin layukan. Misalinta kamar hanyoyin mota biyu ne masu zuwa gari ɗaya: ana iya raba motoci ashirin a kansu cunkoso ya ragu, amma mota guda ba ta bin hanya biyu a lokaci ɗaya. Saboda haka ofishin da ke da ma'aikata da yawa zai ji sauƙi, shi kuwa akawun da ke aika babban fayil guda ba zai wuce gudun layi ɗaya ba. Har ila yau, idan ba a saita na'urar da kyau ba, shafin banki yakan ga lambar adireshin mutum ta sake a tsakiyar aiki, ya kore shi.

Hanya ta biyu ita ce ɗaure layukan su zama kamar ɗaya. A nan ana sauke kayan motar ne a rarraba su ƙunshi ƙunshi ta hanyoyin biyu, wata babbar kwamfuta a can ƙarshe ta tattara ta jera su yadda suke. Ƙa'idar Multipath TCP, wadda aka wallafa a 2013, kamfanin Apple kuma ya sa ta cikin wayoyinsa a wannan shekara, irin wannan dabara ce. Gudu yana ƙaruwa da gaske, sai dai layin da ya fi nawa yakan ja wa ɗan'uwansa jinkiri, ga kuma kuɗin hayar kwamfutar. Idan a ƙasar waje take, to takardun Gwamnati ta can za su riƙa bi, kuma wannan ba magana ce da za a bar wa ɗan kwangila shi kaɗai ba.

Manyan hukumomi da jami'o'i suna da hanya ta uku, watau su nemi lambobin adireshi na kansu daga hukumar AFRINIC da ke tsibirin Moris, yadda in layi ɗaya ya mutu adireshinsu bai sake ba. Wannan sai da ƙwararren injiniya na dindindin.

Duk da haka, babbar ribar layi biyu ba a gudu take ba, tana ga ranar da ɗaya ya yanke. A nan ne kuma ake yin asara ba a sani ba. Kamfanoni biyu masu suna dabam da rasit dabam suna iya kasancewa a kan waya guda suke haya. A wancan Maris ɗin wayar Glo-1 da ta Equiano, wadda Google ya kawo Ikko a 2022, ba su taɓu ba; wanda layinsa na biyu ya bi ta kansu ya ci gaba da aiki, wanda kuwa layukansa duka suka dogara ga waɗanda suka lalace ya biya kuɗi biyu ya zauna hannu rabbana.

Ga jihohin Arewa matsalar ta fi haka tsawo. Akasarin wayoyin teku a Ikko suke sauka, daga nan sai wayar ƙasa ta bi gefen titi tafiyar wajen kilomita dubu kafin ta kai Kano. Katafilar mai aikin hanya guda tana iya tsinke wayoyin kamfanoni biyu in a rami ɗaya aka binne su. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare, amma doka ba ta raba ramin da aka riga aka haƙa.

Don haka ya kamata kwamitin ba da kwangila ya nemi kowane kamfani ya rubuta wayar tekun da yake bi, da hanyar da wayarsa ta biyo har ƙofar ofis. Inda aka ga sun haɗu, gara layi na biyu ya zama na tauraron ɗan'adam, irin na Starlink da ya fara aiki a ƙasar nan a Janairun 2023, ko da yake ruwan sama mai ƙarfi yakan rage masa gudu. Sa'an nan a sa ranar gwaji, ko sau ɗaya a wata uku, a zare layi na farko da gangan a lokacin aiki a ga ko na biyu zai ɗauka.