Me Ya Sa Ledar Fiya-Wata Ke Yoyo?

Ƙannenmu na Birnin Kudu da Gwaram, ku ɗauki ledar fiya-wata ku duba ta da kyau. Za ku ga layin liƙi ya sauko daga sama har ƙasa, a baya ko a gefe. Sau da yawa ta nan yoyo ke farawa.

Ledar tana zuwa masana'anta ne a naɗe, kamar bandir ɗin yadi. Inji ya warwaro ta, ya lanƙwasa ta kamar bututu, ƙarfe mai zafi ya liƙe bakunanta biyu, ruwa santilita 50 ya shiga, a rufe a yanke. Tilas bakunan nan su hau juna daidai. Ledar ta ɗan zame gefe, liƙin ba zai kama sosai ba.

A ƙananan injuna ma'aikaci ne ke sa ido yana gyarawa da hannu, ido kuwa yana gajiya. Manyan injuna suna da wata na'ura mai siffar harafin U, bakin ledar na wucewa ta tsakiyarta. Ɓari ɗaya na aika sauti, ɗayan na karɓa. In ledar ta tare rabin sautin, komai daidai. In ta tare fiye da haka ko ƙasa da haka, nan take ƙaramin injin lantarki zai turo naɗin ya koma layi.

Me ya sa sauti, ba haske ba? Ledar garai-garai ce, haske na ratsa ta. Sautin kuwa ya haura girgiza 20,000 a daƙiƙa, kunnenmu ba ya jin sa, irin wanda jemage ke neman hanya da shi. Darasin nan dai na fiziks da wasunmu ke gyangyaɗi a cikinsa! Haske ma yana da nasa aikin: a kan ledoji da yawa akwai ɗan baƙin tabo a gefe, shi idon lantarki ke gani ya san inda za a yanke, kada wuƙa ta raba lambar NAFDAC biyu.

Mu dai abin bai yi mana kama da wasa ba. Inda ruwa ya fita, datti na iya shiga, balle ledar da ta wuni cikin kula da ruwan ƙanƙarar da kowa ya tsoma hannu, ga damina lokacin kwalara. Shi ma yaron da ya saro jaka mai leda 20 a kasuwar Sara, biyu suka tsiyaye, ribarsa ta bi ƙasa. Kafin ku miƙa kuɗi, ku ɗan matsa ledar ku dubi layin. In ɗigo ya fito, a canza muku.