A GINA HANYAR RUWA KAFIN A RABA FILI!

Ƴan'uwa talakawa, ku saurara!

A 1945 Gulbin Maradi ya cika ya ci tsohon gari, har aka tashi aka koma bisa tudu. A 2020 kogin Isa ya fasa madatsar Lamorde a Yamai. A 2024 ruwan sama ya kada tsohon masallacin Damagaram, mutane fiye da 300 suka rasu a ƙasarmu. Mi muka koya?

Ga abin da muke gani. Ana yanka sabuwar unguwa, a kafa duwatsun iyaka, a karɓi kuɗi, a ba mutum takarda. Kaniwo fa? Sai a ce "in an jima". Damana ba ta san "in an jima" ba. Ruwa gangara yake bi, in ka gina ɗaki bisa hanyarsa ta cikin ɗakin zai wuce.

Mun ce a auna gangaren ƙasa kafin a yanka fili ko ɗaya. A yi kaniwo daidai da ruwa mafi ƙarfi, a kai bakinsa har korama, kada a juye shi a unguwar maƙwabta. A bar tafki da kwari yadda suke, don su ne ke shanye ruwan. A kwashe rairayi da leda kafin saukar damana.

Wanda ya sayar da fili babu hanyar ruwa, ambaliya ya sayar wa talaka. Ku tambayi magajin garinku: ina zanen hanyar ruwan unguwarmu? In bai nuna ba, kada ku biya!