Ramin da ba shi da suna, ba shi da doka

Kwanakin baya wani malamin makaranta a Talata Mafara ya tambaye ni ma'anar kalmar hypogeum, wadda ko Turawa ba kasafai suke furta ta ba. Asalinta Girkanci ne: hypo na nufin ƙarƙashi, ge kuwa ƙasa. Ta bi ta Latin ta shiga Ingilishi, tana nufin ɗaki ko makwancin matattu da ɗan Adam ya gina a ƙarƙashin ƙasa. Mafi shahara shi ne na Hal Saflieni a tsibirin Malta, wanda ya haura shekara 5,000, aka kuma gano shi a 1902. Har yau ɗakunansa na tsaye, jama'a na shiga.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, masu wannan kalma gini suka ɗauki wurin, mai rufi da bango da ƙa'ida. Mu ma muna da irin wannan fahimta. Da an ce rijiya, kowa ya san sai an ɗaure cikinta, an gina mata baki. Amma wurin da matasanmu ke kutsawa neman zinari a yankin Maradun da sauran sassan Zamfara, rami kawai muke ce masa, sunan da muke bai wa gidan ɓera. Wa zai tambayi rami tokara ko mashigar iska?

Mai karatu, dubi dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978 domin shayar da gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun: yana da suna, yana da zane, yana da hukuma. Ramukan zinari ba su da ko ɗaya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Anka da Bukkuyum. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage haramcin a Disamban 2024.

A ganina, haramci da ɗagewa duk ba su isa ba. Wajibi ne hukuma da sarakuna su yi wa kowane rami rajista, a san zurfinsa da mai shi, a tilasta tokare shi kafin ɗan kowa ya sauka. Ba aron kalmar Bature nake kira a yi ba. Kira nake a ɗauki ramin nan a matsayin gini, kafin ya zama kushewa.

Allah Ya sa mu gane.