Ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga: Shin za ta kare mutumin Tofa daga 'yan fashin daji?

Tun da 'yan fashin daji suka fara tsallako iyakar Katsina suna afka wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, hirar tsaro ta sauya salo a Kano ta Arewa. A farkon Nuwamba sojoji suka ce sun kashe 'yan bindiga 19 a Shanono, su kuma suka rasa soja biyu da ɗan sa-kai ɗaya. Kafin watan ya ƙare aka shiga Biresawa da ke Tsanyawa aka yi awon gaba da mutane, yawancinsu mata.

Ƙaramar Hukumar Tofa ba ta kan iyakar Katsina, kuma barikin sojoji na Janguza a ƙasarta yake. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ga ɗan kasuwar hatsi da ke dawowa daga Dawanau bayan magariba, ko manomin da aka san ya sayar da amfani ya riƙe kuɗi a gida, tunanin mallakar makami ba abin mamaki ba ne. Kuma abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne wadda ba za a gani ba: ƙaramar bindiga da za a soke a ƙugu, babbar riga ta rufe.

A cikin ƙananan bindigogi, wadda ake yawan yabo da sauƙin sarrafawa ita ce libarba, mai gidan harsashi da ke juyawa kamar dabaran. Sai dai idan aka ɗora ta a sikelin dokar Najeriya da na irin harin da ake tsoro, ita ce zaɓin da ya fi kowanne jawo wa mai shi masifa, kuma ya fi kowanne ƙarancin amfani.

Bindigar da aka ƙera don wata ƙasa

Ƙaramar libarba ta zamani a Amurka ta samu gindin zama. Kamfanin Smith & Wesson ya fitar da irinta mai cin harsashi biyar a 1950, don jami'an 'yan sanda masu farin kaya da ke son abin da zai ɓuya a cikin kwat. Har gobe ana ƙera jikokinta, kamfanin Ruger ma ya shigo da tasa mai suna LCR a 2009. Bututunsu bai fi inci biyu ba, kuma mafi yawansu harsashin .38 Special suke ci.

Muhawarar da masu saye ke yi a can ta tsaya ne a kan abu guda: nauyi. Wadda aka yi jikinta da alminiyom ba ta wuce giram 400 da 'yan kai ba, mutum zai wuni da ita a aljihu ya manta. Ta ƙarfe zalla kuwa tana haura giram 600. To amma duk lokacin da harsashi ya fita gaba, bindigar na tunkuɗo hannu baya, kuma iya rashin nauyinta iya zafin tunkuɗar. Ga mariƙinta gajere, sau da yawa ɗan ƙaramin yatsa ba ya samun wurin kamawa. Ga kunamarta da tauri, sai an ja ta da ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo huɗu zuwa biyar, abin da ke sa bakin ya karkace kafin harbi ya tashi.

Wato wadda ta fi daɗin ɓoyewa ita ta fi wuyar samun abin da aka auna. Masu koyar da harbi a Amurka ma sukan ce ba bindigar ɗan koyo ba ce. Su suna magance matsalar ne da yawan atisaye: akwai filayen koyon harbi, akwai shagunan da ake sayen harsashi kwali-kwali. Dokarsu ma ta ba su dama. A ranar 23 ga Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ɗaukar ƙaramar bindiga a bainar jama'a don kare kai haƙƙi ne da tsarin mulki ya tanada, kuma fiye da rabin jihohin ƙasar ba sa ma neman mutum ya karɓi takardar izini kafin ya ɓoye ta a jikinsa.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a Lambu ko Doka ko Yanoko. Wanda ya ɓoye bindiga ba zai iya gwada ta ba, domin ƙara ɗaya ta isa ta tara masa unguwa. Ranar da zai fara harba ta ita ce ranar da hannunsa ke rawa, cikin duhu.

Abin da doka ta ce

Mutane da dama na zaton iya girman bindiga iya girman laifin mallakarta. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ke aiki, ba haka ta tsara ba.

Ta kasa bindigogi gida uku. Na ƙasa su ne na ɗuri, irin adaka da bindigar toka da mafarauta ke riƙewa, waɗanda sha'aninsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Na tsakiya su ne bindigogin farauta masu baki ɗaya ko biyu da na iska, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Na sama su ne haramtattu, waɗanda babu mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa.

A wannan gida na sama ne dokar ta ajiye libarba da fistol, a jeri ɗaya da igwa da bama-bamai da bindigogi masu sarrafa kansu da na yaƙi. Hukuncin wanda aka kama da ɗaya daga ciki ba lasisi shi ne ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Harsashin ma laifi ne mai zaman kansa. Dalilin a fili yake: doguwar bindiga kowa na ganinta a kafaɗa, ƙarama kuwa ita ake shiga da ita kasuwa da masallaci da gidan biki ba wanda ya sani. Abin da ke sa mai saye sha'awarta shi ne dai abin da ya sa doka ta tsananta a kanta.

Ko lasisin na tsakiya ma ba a buɗe yake ba. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda a ƙarƙashin Kayode Egbetokun ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai. A 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ta ba cibiyar da ke wannan aiki a ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ƙarfin doka. Alƙiblar gwamnatin tarayya ta karɓe makamai ce daga hannun jama'a, ba ta ƙara su ba.

Nan ne ake samun ruɗani, domin Sashe na 33 na tsarin mulki ya amince mutum ya yi amfani da ƙarfi daidai gwargwado don kare ransa ko dukiyarsa. Sai dai haƙƙin kare kai daban, izinin mallakar makami daban. Mutum na iya kuɓuta daga tuhumar kisa saboda kare kai ya yi, sannan a ɗaure shi saboda abin da ya kare kan nasa da shi.

Gwamnoni sun ce a sayi bindiga, sai me ya biyo baya?

Ba talaka ne ya ƙirƙiro zancen ba. A Maris na 2018 Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce jama'a su tashi su kare kansu. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya maimaita kira ga mutanen jiharsa su nemi makami. Wanda ya fi kowa nisa shi ne Bello Matawalle: a ƙarshen Yunin 2022, kwanaki kaɗan bayan wancan hukunci na kotun Amurka, gwamnatin Zamfara ta ce za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowacce daga masarautu 19 na jihar.

Ba a je ko'ina ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da wannan umarni. Kuma da gaskiyarsa ta fuskar doka, domin makamai da harsasai na cikin jerin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya ita kaɗai. Gwamna na iya faɗar abin da zai sanyaya ran mutanensa a wajen jaje, amma ba shi zai tsaya gaban alƙali ba ranar da aka kama wani da bin shawararsa. Sanata Ned Nwoko na Delta ya kawo ƙudirin halatta wa farar hula riƙe bindiga a farkon 2024, bai kuwa zama doka ba.

Ba kuma ƙarancin bindiga ke damun Najeriya ba. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan shida a hannun farar hula a ƙasar. Tun daga lokacin tsaro bai ƙaru ba.

Harsashi biyar gaban talatin

A ajiye doka gefe, a dubi harin kansa. 'Yan fashin daji ba ɗai-ɗai suke zuwa ba. Ayari ne na babura, goyon biyu ko uku, galibi da dare, riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30 da ke iya samun mutum daga nisan mita 300. Ƙaramar libarba an yi ta ne don wanda ya tare ka a lungu, tsakaninku taku biyar ko goma. Idan harsashi biyar ɗin suka ƙare, sai an buɗe an zazzage kwanso an sake ɗurawa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da harbi ɗaya daga cikin gida zai yi shi ne ya nuna wa maharan inda za su juya bakin bindigoginsu. A Zamfara da Katsina an sha ganin yadda garin da ya taɓa su ba tare da ƙarfin da zai iya tsayawa ba ke fuskantar ramuwa mafi muni. Kisan 'Yargaladima a Ƙaramar Hukumar Maru a Afrilun 2014, inda aka buɗe wuta kan taron 'yan banga da shugabannin al'umma, har yanzu ba a manta da shi ba.

Sannan Tofa ba daji ba ce. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 98,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 200 da ɗoriya, wato kusan mutum 480 a kowace murabba'in kilomita, kuma shekaru kusan ashirin sun shuɗe ana haihuwa. Gida na jingine da gida, gona na manne da gona, wani wurin zana ko dannin kara ne kawai ya raba tsakar gidan wani da ta maƙwabcinsa. Harsashin da ya kuskure ɓarawo ba ya ɓacewa a iska.

Akwai kuma sauran kwanakin shekara da ba a kawo hari ba. A gidan da ke da mata da yara goma sha, ina za a ajiye ta? Ƙarƙashin katifa yara na leƙawa, cikin adaka an kulle ta kuma ba ta da amfani a lokacin gaggawa. Rikicin iyakar gona, na gado, na bashi, na siyasar mazaɓa, duk abubuwa ne da a yau ke ƙarewa a zauren mai unguwa ko dagaci, wani lokaci bayan an ɗaga sanda. Sanda tana barin wurin sulhu. Ga kuma 'yan daba da masu ƙwacen waya da suka addabi birnin Kano da wuƙaƙe. Duk ƙaramar bindigar da aka sace daga wani gida, hannunsu za ta faɗa.

Mutanen Kano sun kuma ga yadda ganin makami kaɗai ke zama hukunci a ƙasar da tsoro ya cika. A ƙarshen Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar dawowa gida Sallah, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka kashe 16 daga cikinsu ba bincike ba shari'a, da yawansu 'yan Kano. Waɗancan bindigogin sana'a ne da aka san su da su. Wanda aka laluba aka samu da ɓoyayyiyar libarba a shingen 'yan sintiri, a lokacin da kowa ke neman masu kai wa 'yan bindiga rahoto, ba lallai ya samu damar yin bayani ba.

Inda jihohi suka karkata

Gwamnonin da suka zo bayan Masari da Matawalle sun bar zancen kowa ya sayi tasa, suka koma ga rundunar da ke da rajista da albashi da shugaba. Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na Katsina a Oktoban 2023. Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024. A Kano, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar kafa rundunar tsaron unguwanni a farkon 2025, aka kuma ƙaddamar da jami'ai 2,000 a ƙarshen shekarar.

Waɗannan runduna ba su rasa aibu ba. An sha zargin takwarorinsu a wasu jihohi da wuce gona da iri da kama mutane saboda ƙabilarsu, kuma makaman da doka ta yarje musu ba su kai na maharan ba. Amma idan ɗayansu ya yi ɓarna akwai suna, akwai ofishin da za a kai ƙara. Shugaban hukumar DSS, Adeola Ajayi, da ya ce a Fabrairun 2025 al'umma ce ya kamata ta zama sahun farko na tsaro, tsari na gari gaba ɗaya yake nufi, da sanin hukuma.

Idan aka raba jami'ai 2,000 daidai ga ƙananan hukumomi 44 na Kano, kowacce za ta tashi da kimanin 45. Ga Tofa mai mazaɓu 15, mutum uku ke nan a kowace mazaɓa, kuma babu tabbacin za a raba daidai alhali Shanono da Tsanyawa ne ke bakin wuta. Saboda haka abin da ya kamata shugaban ƙaramar hukuma da hakimi da ɗan majalisar jiha su amsa wa mutanen Tofa shi ne nawa aka turo musu, a ina aka ajiye su, wace lamba dagaci zai kira da ƙarfe biyun dare, kuma minti nawa mota za ta ɗauka daga Janguza ko ofishin 'yan sanda na Tofa zuwa ƙauyen da ya fi nisa idan damina ta ɓata hanya.