Jigon Asali a Rubutacciyar Waƙar Zamani: Kira ga Marubutan Ƙasar Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci rubutattun waƙoƙin Hausa tun daga zamanin jihadi zuwa yau zai tarar an cika rumbu da waƙoƙin wa'azi da madahu da siyasa da faɗakarwa da soyayya. Amma akwai jigon da alƙalami ya daɗe yana kauce masa, wato jigon asali: daga ina kaka ta fito, da wane harshe aka reni uba, me ya sa tsagen fuskar kawu ya saɓa da na baffa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da matasan marubuta waƙa, musamman na yammacin Kano, za su ɗauki wannan jigo da gaske, domin waɗanda ba su da hikima ko tausayi sun riga su ɗauka.

Ƙasar da Jama'arta

Gwarzo da Kabo suna yamma da birnin Kano, ta wajen hanyar da ta nufi Dayi da Malumfashi, kusa da iyakar Katsina. Ƙasa ce ta Hausawa manoma, da Fulanin gida, da Fulanin ruga, da Maguzawa, waɗanda wasunsu suka musulunta, wasu kuma suka shiga addinin Kirista. A yammacin Kano ne, a Kwazazzabo, jama'ar jihadi suka taru, kuma Godiya, wadda ke ƙasar Kabo a yau, da Ƙaraye suna cikin garuruwan da aka fara gwabzawa a cikinsu kafin Sarki Alwali ya rasa gadonsa a 1807. Daga nan zuwa yau an yi fiye da shekara 200 ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami gida guda wanda kakarsa ke ƙirga da Fillanci, kakansa kuwa jikan Bamaguje ne, amarya kuma Babarbariya. Yaron da ya tashi a irin wannan gida, in aka ce ya faɗi ƙabilarsa da kalma ɗaya, to an tilasta masa ya yar da wani daga cikin iyayensa.

Dalilin Shirun Marubuta

Dalili na farko shi ne kunya. Al'ummar da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, da wuya ɗan ya zauna ya tsara baitoci a kan asalin uwarsa. Na biyu, tabon bauta: gidaje da yawa suna da kakar da aka kawo daga wata ƙasa, kuma an yi shekaru ana rufe zancen. Na uku, yadda makaɗan fada suka mayar da asali makami mai baki biyu. Da shi ake yi wa sarki kirari, da shi kuma ake yi wa abokin hamayyarsa zambo. Bugu da ƙari, manyan marubutan ƙarni na 20 irin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Mudi Sipikin sun fuskanci manyan matsalolin ƙasa ne, wato mulkin mallaka da jahilci da neman 'yanci. Aƙilu Aliyu ya kare harshe a "Hausa Mai Ban Haushi", littafin Alƙalami a Hannun Mata na 1983 kuma ya fito da muryar Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu. Duk da haka, tambayar jinin da ke gudana a cikin gida ta kasance a bakin zaure, ba a ce mata ta shigo ba.

Abin da Ke Cikin Haɗari

A 'yan shekarun nan ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina ta sa wasu sun fara fassara kowane hari da cewa yaƙi ne tsakanin Bahaushe da Bafillace. A Facebook da makamantansa an sami masu kiran "Hausa zalla", da masu mayar musu da martani da alfaharin Fulatanci. Kukan manomin da aka kora daga gonarsa gaskiya ne, haka ma na makiyayin da aka kashe ba da haƙƙinsa ba. Amma wuƙar da ake wasawa domin raba ƙabilun nan biyu, a ƙasa irin ta Gwarzo da Kabo, ta tsakiyar ɗakin uwa za ta bi. Tun ba yau ba ana fasa aure saboda an binciko asali an ce ango jikan bawa ne ko jikan Bamaguje. In aka ƙara wa wannan tsohon miki gishirin siyasa, 'ya'yan gidajen da suka gauraya su ne za su fara jin zafinsa.

Tarihi Yana Bayan Marubuci

Wanda ya ɗauki wannan jigo bai zo da baƙon abu ba. Labarin Bayajidda, ko an ɗauke shi tarihi ko almara, labarin auratayya ne: baƙo daga gabas ya yi aure a Barno, ya auri Daurama, ya kuma haihu da Bagwariya. Tarihin Kano ya nuna Bagauda baƙo ne da ya tarar da mutanen Dala, Wangarawa kuma sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji. Sunayen unguwanni kamar Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi shaida ne a kan haka. Nana Asma'u ta yi waƙa da Larabci da Fillanci da Hausa, ƙanenta Isan Kware kuwa, ɗan Mariya sa-ɗakar Shehu, ya juya waƙoƙin gidansu da dama zuwa Hausa. Mamman Shata na Musawa, wanda ba a yi kamarsa ba a waƙar baka, asalin gidansu Fulani ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai littafin Shaihu Umar, ubansa Bagere ne, uwarsa Bafillatana. Ke nan, wanda ya ce zai tace Hausa ya fitar da gauraye, to da yawa daga cikin abin alfaharinta zai zubar.

A ƙasashen waje ma an yi nisa a wannan fage. Derek Walcott, wanda ya sami kyautar Nobel a 1992, ya gina waƙoƙi da yawa a kan jininsa na Afirka da na Turai. Jackie Kay, wadda aka haifa a Sikotilan a 1961, ubanta Ibo ne daga Nijeriya, kuma littafinta na 1991 ya haɗa muryar 'ya da ta uwar da ta haife ta da ta uwar da ta rene ta. Sai dai abin lura shi ne, damuwarsu ta launin fata ce. Ta Bagwarje ko mutumin Kabo kuwa ta harshe ce da sana'a da addinin kakanni da 'yanci ko bauta. Kwaikwayonsu ido rufe zai haifar da waƙar da ba ta san gida ba.

Masu Suka da Amsarsu

Za a ce wannan tonon silili ne, kuma addini ya hana alfahari da dangi. Haƙiƙa ya hana. Amma aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta nuna hikimar rarrabuwar ƙabilu ita ce sanin juna, fifiko kuma na taƙawa ne. Waƙar da ta girmama kakar da aka sayo daidai da kakan da ya yi sarauta ta fi kusa da wannan koyarwa bisa shirun da ke ɓoye ɗaya yana tallar ɗaya. Za a kuma ce a bar kaza cikin gashinta. Wannan magana tana da nauyi, domin marubuci ba shi da ikon tona asirin rayayye ba da yardarsa ba. Maganin wannan yana cikin salo, wato sakaya suna da amfani da bakin wani, ba barin jigon gaba ɗaya ba.

Al'ada ma ta tanadi kayan aiki. Wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, da wasan taubasai, da na kaka da jika, duk hanyoyi ne da Bahaushe ya ƙirƙira na faɗin bambanci ba tare da an yi faɗa ba. Ana iya tsara waƙa 'yar ƙwar biyu, ɗango ɗaya na dangin uwa, ɗaya na dangin uba, amsa-amo ɗaya ya ɗaure su. Abin gudu shi ne baitocin "dukkanmu ɗaya ne" waɗanda ba su ambaci ƙwaryar nono ko garma ko sunan rugar kowa ba, domin irinsu ba su taɓa sauya zuciyar mai sauraro ba.

Kammalawa

Sashen Hausa yana da nasa rabon aikin. Ya kamata a sa jigon asali cikin gasar waƙa, a kuma tura ɗalibai su tattaro waƙoƙin daka da na reno da na aure daga bakin tsofaffin matan Getso da Garo da Godiya, tun suna raye, domin a bakinsu aka ajiye tarihin da maza suka ƙi faɗa. Masu raba kan jama'a ba su jira kowa ba. Ya rage ga masu alƙalami su nuna wa yaron da kakanninsa suka fito daga ruga da gona cewa ba sai ya zaɓi ɗaya ba. Allah ya sa a dace.